Ina Takardar Nan Za Ta Kwana?

Kankia, yau Laraba da hantsi.

Uwani, ɗiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ki a hanya, Ya tsare ki a masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki.

Yau na tashi da ɗan sauƙi. Kumburin ƙafar bai kai na jiya ba, har na taka zuwa masallaci da sandata. Tarin ne dai bai sake ni ba, hannuna kuma yana rawa, don haka in kin ga rubutun yana hawa yana gangarowa ki yi haƙuri. An yi ruwa jiya da yamma, tsakar gida duk danshi, sai na jawo kujerata bakin zaure inda nake hangen hanya. Baƙo nake jira. Malam Sama'ila na Dudunni ya aiko cewa zai zo yau bayan azahar. Kin san ko wane ne, kin kuma san abin da ya sa nake jiransa, ko da yake ba ta hanyar da ta dace kika sani ba. Maganar da zan yi miki ke nan.

Kina Kunduru kina sallama da gwaggonki, jibi kuma za ki hau mota zuwa aikin da Allah Ya ba ki, na ajiye bayanan marasa lafiya a asibiti. Na so in zaunar da ke in faɗa miki da baki. Amma sunan mahaifiyata gare ki, in na dube ki sai harshena ya yi nauyi. Zan sa wannan a ƙasan jakarki, ki karanta in kin sauka. Ga kwamfuta can a kan tebur, lulluɓe da ƙyalle, na san da ita zan fi sauri, amma da biro na zaɓa in rubuta. Kafin ki kai ƙarshe za ki ga dalili.

Ba labarin gari zan ba ki ba. Kurakuraina zan lissafa miki, don aikin da za ki shiga ɗan'uwan wanda na yi ne, kuma ramukan da na faɗa suna nan ba a cike su ba.

Na farko dariya ce kawai na yi. Ina saurayi, sabon fitowa daga makaranta, da biro biyu a aljihun gaba, aka haɗa ni da masu allurar shanu in riƙa rubuta musu sunaye. Muka sauka a wata ruga wajen Tafashiya. An ba ni takarda mai layi-layi, in tambayi kowa sunansa, da na ubansa, da inda yake shayar da dabbobinsa da rani, da hanyar da yake bi da su da damina. Kowa ya faɗa na rubuta. Sai wani dattijo dogo ya zo ya tokare da sandarsa, ya daɗe yana kallon takardar. Can ya ce, "Malam akawu, ina takardar nan za ta kwana?"

Na ce a ofis. Ya tambaye ni ofishin wa, wa ke riƙe da mabuɗi, in kuma na bar aikin wa zai gaje ta. Allura dai, in ji shi, a jikin saniya ake yi, bai ga abin da ya haɗa ta da mashayarsa ba. Na ƙyalƙyale da dariya, na juya na gaya wa abokan aikina da Turanci cewa ga wani ƙato yana tsoron takarda. Bai ji Turancin ba, amma ya ji dariyar. Ya ba da sunansa kaɗai, aka yi wa shanunsa allura, ya kora su ya tafi.

Bayan wasu shekaru na ga takardar nan da idona a hannun mutanen da ba ruwansu da allura. Ana gardamar burtali, ana karanta wa makiyaya abin da suka faɗa mini da bakinsu, ana kafa musu hujja da shi. Rubutuna ne, na gane shi tun daga nesa. Sunan dattijon yana ciki, amma gabansa fari ne fes, ba abin da za a karanta masa.

To, Uwani, za ki haɗu da irinsa. Wata tsohuwa za ta tsaya gaban teburinki ta ƙi faɗin abin da kika tambaya, ko ta ce me za a yi da shi. Kada ki yi mata dariya, kada ki haɗa ido da abokan aikinki a kanta. In kin san amsa ki ba ta, in ba ki sani ba ki je ki tambayo. Abin da magani ba ya bukata kuma, kada ki matsa sai an faɗa don kawai an zana masa gurbi.

Kuskure na biyu shi ne babba.

Da aka dawo da ni ofis a nan Kankia sai na zama mai buga tafireta. Ke ba ki taɓa aiki da takardar kabon ba, bari in bayyana miki. Siririyar takarda ce mai baƙin shafe a gefe guda. Ana sa ta tsakanin fararen takardu biyu a cusa cikin inji, duk harafin da ya bugi ta sama sai ya fito a ta ƙasa. Malamin da ya koya mana bugu ya hore mu cewa takarda ba ta shiga inji ita kaɗai, ta sama ta mai ita ce, ta ƙasa ta fayil. In ya kama ka ka sa guda, yatsunka za su sha rula. Har hannuna ya saba, ba na ma tunani, sai dai in ga na jera uku na cusa.

Sama'ila abokina ne tun muna yara. Tare muka yi karatun allo wajen mahaifinsa kafin a kai ni boko, shi ya ci gaba da littattafai. Ya gaji makarantar gidansu a Dudunni, yana noma geronsa da wakensa, iyaye na kawo masa 'ya'yansu daga ƙauyukan Kusada. In ya shigo Kankia gidan nan yake sauka, kwano ɗaya muke sa hannu. Mahaifiyarki, Allah Ya jiƙanta, takan rage yaji a miya duk ranar da zai zo, don cikinsa ba ya ɗauka.

Wata Asabar da rana, an tashi aiki, ya same ni ni kaɗai a ofis. Ya rufe ƙofa, ya naɗe hannun rigarsa, ya nuna mini wani tabo fari-fari a damtsensa, ya ce in tsunkule shi. Na tsunkula, bai ji ba. Ya ce ya san ko mene ne. Ya ji labarin wani asibiti mai nisa inda ake maganin kuturta, yana so in buga masa takarda da Turanci zuwa ga likita, ya tafi da sunan ziyarar malamai.

Ya ce, "Ko mai ɗakina ba ta sani ba. Kai kaɗai ne, sai Allah."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, a bakina ba za a ji ba. Kuma a bakina ba a ji ba, Uwani. Na zauna na buga. Da na zare sai na ga hannuna ya yi abin da ya saba, akwai kwafi. Na nuna masa, har muka yi dariya, na ƙyasta ashana na ƙona kwafin a gabansa, na murje tokar da takalmi. Ya sa tasa a aljihu ya fita yana sa mini albarka. Kabon ɗin kuwa na mai da shi cikin kwalinsa, don kayan ofis ne, ba a yar da shi sai ya ƙoshi da bugu. Abin da ban tuna ba shi ne sabo ne fil, ranar na ɓare kwalin. Kabon da aka buga sau ɗaya tak, in aka ɗaga shi wajen taga, ana karanta wasiƙar tun daga gaisuwa har sunan mai ita.

Kafin Sama'ila ya dawo daga asibiti, labari ya riga shi isa Dudunni. Iyaye suka fara zuwa suna ɗauke 'ya'yansu, kowa da uzurin da zai bayar. Aka je wani suna, aka ware masa kwanonsa gefe. Mutanen da ke durƙusawa su gaishe shi suka koma ɗaga masa hannu daga nesa. Maganin ya karɓe shi, ya warke sarai, ko farce bai rasa ba. Amma makarantar da ya gada daga ubansa ba ta sake cika ba.

Sau ɗaya ya zo nan bayan haka. Ya tsaya a ƙofar zauren nan da nake zaune, na shimfiɗa masa tabarma ya ƙi hawa. Ya ce idona kawai ya zo ya gani. Na rantse masa da Allah ban gaya wa kowa ba. Ya dube ni, ya ɗan yi murmushi, ya ce, "To, injin naka ne ya hwaɗi?" Ya juya ya tafi.

Gatse ya yi mini, amma maganar ta bi ni har ofis. Na buɗe kwalin, na zaro kabon ɗin, na ɗaga shi wajen taga. Ga shi nan duka. Na tambayi akawun da muke ɗaki ɗaya, ya amsa cewa ya zo aron kabon ranar Litinin, ya ga rubutu, ya mai da shi ya ɗauki wani. Ya rantse mutum ɗaya kawai ya gaya wa. Ba mugu ba ne, na san shi, mai surutu ne kawai.

Ki riƙe wannan. Ni na ɗauka amana a baki take, in na kama bakina na gama. Ashe kayan aikin da ka yi amfani da shi ma yana da nasa bakin. Duk sa'ad da kika gama rubuta sirrin wani, kada ki tsaya ga takardar da ke hannunki. Ki tambayi kanki me kuma ta taɓa kafin ta fito.

Na uku, ban je Dudunni ba. Ranar da na ɗaga kabon nan ya kamata in hau keke in kai masa, in ce ga abin da ya faru, sakacina ne. Ban je ba. Na ce wa kaina ba zai yarda ba, na ce bari zuciyarsa ta huce, na ce sai bayan kaka. Gaskiyar ita ce ni akawu ne da ake yabo, wanda ba a taɓa dawo masa da takarda don kuskure ba, na kasa zuwa in ce na yi aikin banza. Na ɗauko kabon ɗin na kawo gida, na sa shi tsakiyar ƙamus, na rufe a akwatin ƙarfe, wai hujja ce da zan nuna wata rana. Sama da shekara arba'in ke nan. Mahaifiyarki ta sha tambayata me ya raba mu, har ta rasu ban faɗa mata ba. In mun haɗu da shi a jana'iza sai kowa ya nemi wani sahu.

In wani abu ya kuɓuce daga hannunki, ko da kuskure, ko da inji ne ya yi ba ke ba, ki faɗa ranar. Ki gaya wa shugabanki, a sanar da mai abin. Za ki ji kunya ta yini ɗaya ko ta mako. Ni tawa har yau ina ɗauke da ita. Kuma kada ki adana abin da ba ki da bukatar adanawa. Shekarun nan duka, da ɓarawo ya fasa akwatina, ko ke kin ɗauki ƙamus ɗin don aikin makaranta, da na sake tona shi.

Na huɗu kina wurin aka yi shi, amma ban taɓa gaya miki yadda na gan shi ba.

Da yayanki ya aiko da kwamfutar nan don in riƙa rubuta abin da nake tunawa na tarihin gari, ke kika kunna ta. Ta ƙi wucewa sai an yi mata rajista da adireshin imel, ni ba ni da shi, kika sa naki. Daga nan ta shiga jero tambayoyi, shafi bayan shafi. Kika fara karanta mini, ni da a dā ko sanarwar hutu sai na karanta sau biyu, na ce, "Danna ki wuce, Uwani, shayina na hucewa." Kika yi ta danna amincewa har ta buɗe. Na ji daɗinta ƙwarai. Yatsuna suka tuna aikinsu, ba ƙara, ba tawada, in na yi kuskure in goge ba tabo. Na ce a raina, yau ga injin da ba shi da kabon.

Watan jiya, bayan ciwon nan da ya kwantar da ni har na zaci tafiya ce, na ƙudura in rubuta wa Sama'ila. Na jira kika fita kasuwa, don ma kada ki leƙo. Na rubuta komai, tabon, da asibitin, da kabon, da shiruna. Na adana, na kashe, na lulluɓe ta da ƙyallenta. Ko awa ba a yi ba kika dawo, ko kayan miyar ba ki ajiye ba, kika durƙusa da waya a hannu.

Kika ce, "Baba, wata takarda ta shigo wayata. Na zaci tawa ce ta neman aiki, na buɗe. Na kai rabi kafin in gane ba tawa ba ce."

Na tambaye ki ta yaya, tunda ban aika wa kowa ba. Kika ce a cikin abubuwan da muka amince da su ran nan, akwai cewa duk abin da aka adana ta kai kwafinsa rumbun kamfanin da ya yi manhajar, ta intanet, da sunanki, duk na'urar da ke da sunan kuma za ta gan shi. Na ce wato kwafin fayil. Kika ce kusan haka ne. Na ce a ina rumbun yake. Kika ce ba ki sani ba, wataƙila a wata ƙasa. Wallahi a lokacin muryar dattijon nan na Tafashiya na ji, kamar yana tsaye a tsakar gida da sandarsa.

Ban ji haushinki ba, kada ki tafi da wannan a ranki. Kin goge ta a gabana, daga waya, daga kwamfuta, har daga kwandon da kika ce abin da aka goge yakan zauna kwanaki kafin ya tafi. Ina kallonki ina ganin kaina da ashana. Na tambaye ki ko akwai saura a wani wuri, kika ce ba za ki iya rantsuwa ba. Na gode da ba ki yi mini ƙarya ba.

Bayan haka na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Safiya uku na zauna da tabarau da madubin ƙara girma, na karanta doguwar yarjejeniyar, na bi saitin ɗaya bayan ɗaya. Turancina na dā ne, ban fahimci komai ba, amma akawu ya san takardar da aka tsawaita don a gaji kafin a kai ƙarshe.

Abin da na gane shi ne, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar tana kai wa masu ita rahoto, kamar yadda muke kai rahoton wata. Tana faɗin irin na'urar, da yadda take aiki, da inda ta sami matsala. Sun ce don gyara ne. Akwai ƙaramin mudu da babban mudu. Babban har da manhajojin da kika buɗe da shafukan da kika leƙa, in kuma wani abu ya tsaya cik, rahoton yana iya tafiya da guntun abin da kike rubutawa. An yarda ki zaɓi ƙarami, amma a tamu dai ban ga inda ake rufe shi gaba ɗaya ba. Tana neman sanin inda kike zaune. Tana neman samfurin yadda kike bugu da yadda kike magana, wai don ta ƙware wajen cankar kalmar da za ki sa. Ta ba ki wata lamba ta masu talla, kamar wadda ake maƙala wa saniya a kunne, don a gane ki duk inda kika shiga. Wanda ya fi tsorata ni shi ne ɗan gurbin nan na nema a ƙasan allo. Ni na ɗauka cikin kwamfutar kawai yake dubawa, ashe abin da aka rubuta a ciki yana iya fita intanet shi ma. Ki yi tunanin kin buga sunan wata mata da sunan ciwonta a wurin don ki nemo fayil ɗinta. Kin kuma gaya mini wasu sababbi suna da wani tsari, in an kunna shi, da ke ɗaukar hoton allo lokaci-lokaci don mutum ya tuna abin da ya yi jiya. Wannan kam kabon ne da ba ya ƙoshi.

Zan yi musu adalci. Ba sata suka yi ba, sun tambaya, ni na ce a danna. Sai dai na lura maɓallin amincewa babba ne mai haske, na ƙi kuwa ɗan rubutu ne a gefe, wani lokaci ma ba a ce ƙi ba, sai a ce a tuna miki nan gaba. Sun ce suna tsare abin da suka karɓa, mai yiwuwa gaskiya ne. Ni ma ai mai gaskiya ne ranar da na mai da kabon cikin kwali. Abokin aikina ba mugu ba ne. Masu allurar shanu ma alheri suka je yi. A duk abin da na ba ki labari ba mugu ko ɗaya, amma makarantar Sama'ila ta watse. Na san kuma rumbun yana da amfani, kin ce wanda aka sace wa kwamfuta a can yake samun takardunsa. Don takardun shaidarki na makaranta, ki sa in kin ga dama, naki ne. Ciwon wani kuwa ba naki ba ne da za ki yanke masa inda zai kwana.

Saboda haka ga roƙona. Kwamfutar nan ki tafi da ita, ni na gama da ita. Ita ko wata sabuwa, kada ki kunna ta kina sauri. Ki ba ta safiya guda, ki karanta kowace tambaya, abin da aikinki ba ya bukata ki ce a'a. In ta sabunta kanta ki koma ki duba, don takan sake kawo tambayar da kika riga kika amsa. A asibiti, tun makon farko, ki je wajen shugabanki cikin ladabi ki tambaye shi ina bayanan nan ke kwana, wa ke da mabuɗinsu. Wataƙila ya ce ba hurumin sabuwar ma'aikaciya ba ne, wataƙila a yi miki dariya, a ce 'yar Kankia ta zo da tsoron kwamfuta. Ki bari su yi. Kada ki sa imel ɗinki a kwamfutar aiki, kada ki kwaso fayil ɗin mara lafiya zuwa taki don ki ƙarasa a masauki, kada ki ɗauki hotonsa da waya ko da likita ne ya ce ki turo masa da sauri, ki nemi hanyar da asibiti ya tanada. In za ki tashi, ko alwala za ki yi, ki kulle allon. Kalmar sirrinki kuma kada ki ba kowa, musamman ƙawar nan mai kirki mai yawan hira da na san za ki samu, don kowane ofis yana da irinta.

Ba ina ce miki ki ji tsoron aikinki ba. Kin fi ni sanin injin nan nesa ba kusa ba. Abin da na fi ki sani ɗaya ne, na ga fuskar mutum bayan sirrinsa ya fita.

Na sake rubuta wa Sama'ila, da hannu. Na daɗe ina shawara ko in tsaya ga labarin kabon, in bar na kwamfuta, tunda ba yadda za a yi ya sani. Sai na ga kuskure na uku ne zan maimaita da furfurata. Na gaya masa ɗiyata ta karanta rabi, kuma kwafi ya taɓa shiga wani rumbu da ban san inda yake ba. Na manne ambulan na ba wani direba da ke bin hanyar Kusada. Amsa ta baki ya kawo mini: in ji Malam, Laraba bayan azahar, in Allah Ya so. Bai ƙara komai a kai ba. Ban sani ba ko yafiya zai kawo, ko idona zai sake zuwa gani. Na tare Bafulatanar da ke wucewa da nono na saya, na sa an dama fura marar yaji. Na buɗe akwatin na ciro kabon ɗin daga ƙamus. Kayansa ne, a hannunsa nake so in sa shi.

Saura wannan takardar da ke hannunki. Na san ita ma kwafi ce. Ban rubuta ba sai don kin riga kin ga rabi, kuma rabin labari ya fi saurin fita daga baki. Na yage kowane shafi daga littafi kafin in fara, na ɗora a kan farantin ƙarfe, don biro yakan bar sawu a shafin da ke ƙasa. In kin karanta ki ƙona ta. Kada ki ɗauki hotonta don tunawa da ni, kada ki buga ta a kwamfuta. Abin da ya zauna a kanki ya isa. Sunan Malam Sama'ila da ciwonsa kuma, ko mijin da Allah zai ba ki kada ya ji.

Kada ki damu da ni. Matar maƙwabcinmu za ta riƙa miƙo tuwo, maganin da kika jera mini a kwano kuma ina sha a kan lokaci. Gidan zai yi shiru, amma na saba hira da rediyo. Allah Ya yi miki albarka, Uwani. Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, Ya tsare mutane daga sakacin hannunki. Ya rufa miki asiri duniya da lahira, Ya sa ki zama mai rufa na wasu. In mun sake ganawa, alhamdu lillahi. In ba mu gana ba, na yafe miki, ki yafe mini.

Mahaifinki.

Ƙari, gab da magariba. Bai zo ba. Na yi azahar a nan zaure don kada ya zo ya tarar ba na nan, na yi la'asar ma a nan. Babura uku sun tsaya a bakin hanya, kowanne sai na miƙe da sanda, ba shi ba ne. Ko hanyar ce ta ɓaci da ruwan jiya, ko jikinsa ne, shi ma ai ya tsufa, ko kuma ya koma kan ƙarshen wasiƙar ya sake shawara. Yana da gaskiya in haka ne. Furar na aika wa maƙwabta.

Na so in ajiye masa kabon ɗin zuwa wata Larabar. Amma da tarin nan ba zan iya yi wa kowa alkawarin Laraba ba, kuma in na tafi, masu raba kayan akwatina za su ɗaga shi su ga ko mene ne. Na ɗaga shi sau ɗaya wajen hasken ƙofa, har yanzu ana karantawa tsaf. Na roƙi garwashi a kasko na sa shi a kai, ya nannaɗe ya cinye nan take. Takardar kabon nan kam na san inda za ta kwana. Wadda ta fita ta kwamfuta ban sani ba. Tabarmar da na shimfiɗa masa na naɗe ta na jingine a bayan ƙofa, kusa, ko da gobe.